Motata ta yi nauyi, makanike ya ce sai famfon mai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ina da Corolla 2006 ina ɗan kabu-kabu da ita tsakanin Agege da Ikeja, wani lokacin har Obalende. Kusan wata biyu kenan motar ta yi nauyi, in na taka totur sai ta yi kamar tana shawara kafin ta ja, a gosulo kuma sai karkarwa kamar mai zazzaɓi, ga shan mai ga wutar cek injin ta kama. Na canza filogi duk huɗun ba abin da ya sauya, yanzu makanikena ya ce sai famfon mai. Dan Allah ya zan yi?
Mai karatu daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Kar ka zaro kuɗin famfo tukuna, fara kai ta a sa mata kwamfuta. In ta nuna kod ɗin matsala P0171 ko P0101, toh ni inda zan fara leƙawa shi ne iyafulo.

Wani ɗan baƙin abu ne mai soket, a irin motarka yana kan murfin akwatin iya kilina, sukuru biyu ke riƙe da shi. A cikinsa akwai wata waya siririya kamar gashi wadda lantarki ke ɗumamawa, iskar da injin ke shaƙa tana bi ta kanta tana sanyaya ta, da haka burenbos, wato kwamfutar motar, ke gane yawan iskar da ta shiga ya auna mata fetur, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai in aka bi nauyi. Toh in ƙura da hayaƙi suka lulluɓe wayar nan, kuma ka san abin da mota ke shaƙa in ta wuni a bayan danfo, sai ta fara yi wa burenbos ƙarya, shi kuma ya ba da man da bai dace ba, kai kana ta ƙara taka totur mai na ƙonewa mota ba ta zuwa ko'ina.

Wankinsa bai kai minti 20 ba. Kashe mota ka zare makulli, cire soket ɗin a hankali, kwance sukurun ka zaro shi. Feshin da aka yi musamman don iyafulo za ka nema, za ka ga an rubuta MAF a jikin gwangwanin, ana samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Ka fesa sau 10 zuwa 15 a cikin ramin da wayar take, ka ajiye shi a inuwa kamar minti 10 ya bushe ƙarau sannan ka mayar. Kar ka tada mota yana jiƙe.

Inda mutane ke ɓata abin shi ne taɓawa. Ba a sa burushi, ba a sa tsumma ko audugar kunne, ba a hura masa iskar kwamfuresa. Na taɓa ganin wani yaron gareji ya tsoma shi cikin robar fetur yana dirzawa da burushin haƙori wai yana wanki, wayar ta tsinke, sai da mai motar ya sayi wani. Feshin kabreto ma bar shi, ƙarfinsa ya yi wa robar yawa.

Kuma ka buɗe akwatin ka duba filtar iskar, in ta yi baƙi ko ta yage canza ta kawai, wannan kai ta wurin falkanaiza yana hura mata iska ramuka yake ƙara mata, nan da ɗan lokaci ka dawo gidan jiya.

Makanikenka ba lallai ya yi kuskure ba fa, famfon da ya gaji shi ma yana kawo P0171, haka nan in tiyon iska ya tsage ko gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa injin iska, na zuƙar iska ta gefe. In ka wanke aka goge kod ɗin ka yi kwana biyu kana aiki ba sauyi, ka ce ya sa geji ya auna ƙarfin famfon a gabanka, a duba indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ita ma ko ta toshe, sannan a yi maganar saye.