Me Ya Sa Mugun da Na Ƙirƙira a Wasan Kwamfuta Ba Ya Ba Kowa Tsoro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon haɗa wasannin kwamfuta, kuma ina gina ɗan wasa irin wanda mutum ke shiga rigar jarumi, wato RPG. Na yi wa mugun ƙaho da jajayen idanu, na ba shi ƙarfi mai yawa, amma abokaina da suka gwada wasan sun ce ko gezau ba su yi ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin ta nuna kana sauraron masu gwada aikinka. A ganina ka ɗora nauyin tsoron duka a kan zane, alhali a irin wannan wasa mai riƙe da na'ura yana auna haɗari ne da lissafin da wasan ya koya masa: yawan ran da ya rage masa, ƙarfin saransa, da mutanen da ke tafiya tare da shi. Mugun da bai taɓa wannan lissafi ba hoto ne kawai.

Mu duba Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 1997 a kan na'urar wasa ta PlayStation. Mutanen da ke yawo a cikinsa dunƙule-dunƙule ne, hannayensu kamar guntayen katako, kuma babu muryar kowa, karanta maganganunsu ake yi. Duk da haka Sephiroth, mugun wasan, ya zauna a zukatan waɗanda suka buga shi har yau.

Dubi yadda aka shigo da shi. An kulle jarumin, Cloud, da abokansa a benen kamfanin Shinra. Sai ya farka ya tarar da ƙofar a buɗe, mai gadi a kwance matacce, ga sawun jini ya bi ƙasa ya haura sama. Mai wasa da kansa yake bin jinin hawa-hawa, har ya iske shugaban kamfanin, wanda ya ɗauka shi ne babban abokin gaba, a kife kan teburinsa da dogon takobi a bayansa. Mai takobin kuwa, wato Sephiroth, ba a gan shi ba.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai nazarin yadda ake gina waɗannan wasanni shi ne abin da ya biyo baya. Lokacin da Cloud ke ba da labarin abin da ya faru a garin Nibelheim shekara 5 da suka wuce, wasan ya sa Sephiroth cikin tawagarka na ɗan lokaci. A ma'aunin ƙarfi na wasan, Cloud yana mataki na 1, Sephiroth yana mataki na 50, kuma ba kai ke sarrafa shi ba. Kana kallon lambobin da ke fitowa idan ya kai sara, kana kwatanta su da naka, ba sai wani ya gaya maka komai ba. Jim kaɗan bayan haka akwai fadama mai ƙaton maciji da ke iya gamawa da tawagarka, wanda ya sa yawancin masu wasa sai sun kamo tsuntsun hawa kafin su tsallake da gudu. Da ka isa ɗaya gefen, sai ka tarar da irin wannan macijin an tsire shi a jikin itace. Maciji ɗin da ka guje wa da kyar, wani ya wuce ta kansa kamar ba komai.

Sannan Sephiroth ya ƙwace maka abu. A kusa da ƙarshen faifai na farko na wasan ya kashe Aerith, ɗaya daga cikin tawagarka, wadda mutane da yawa suka dogara da ita wajen warkar da tawaga, suka ɓata sa'o'i suna ɗaga matakinta. Wasan yana da maganin da ke tayar da wanda ya faɗi a fagen faɗa, amma ita ba ta dawowa, kuma gurbinta a jerin mutanenka ya tafi ke nan. Haka ma Kefka, mugun Final Fantasy VI na 1994, ya zuba guba a ruwan masarautar Doma, daga baya ya wargaza duniyar har taswirar da ka saba da ita ta sauya.

Game da ƙaho kuma, Gaunter O'Dimm na The Witcher 3, wanda CD Projekt Red na Poland ya fitar a 2015, mugu ne marar ƙaho, mutum ne mai aski da tufafi irin na matafiyi. Kana haɗuwa da shi a wata mashaya tun farkon wasan, har ya taimake ka. A ƙarin labarin Hearts of Stone ne za ka ga ya tsayar da lokaci cak, ya soke wa wani mutum cokalin katako a ido saboda ya katse masa magana.

Saboda haka, koma kan wasanka ka ɓoye mugun a kashi na farko, ka bar ɓarnarsa ta riga shi isowa. Zaɓi dodon da ya fi wahalar da abokanka lokacin gwaji, ka sa su tarar da gawarsa. Ka ba shi dalilin da zai iya faɗa da bakinsa har mai wasa ya tsaya ya yi tunani. Sai dai ina jan kunnenka kan faɗan da aka tsara ba za a iya ci ba: sau ɗaya ya isa, kuma ka yi shi gajere, domin wanda ya ƙarar da magungunansa a faɗan da ba shi da mafita haushin mai haɗa wasan zai ji. Idan ka gyara, ka ba waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba su gwada, ka zauna a gefe ka lura ko suna tsayawa su adana wasan kafin su buɗe ƙofar da suke zaton yana bayanta.