Amsa ga ƙanwarmu da sunanta bai fito a makarantar jinya ba

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki ina bakin aiki, sai yanzu da na dawo gida na samu zama. Kin ce kin ci jarabawar shiga makarantar jinya, an kira ki intabiyu, sunaye sun fito babu naki, amma ƙawarki da kika fi maki tana ciki. Yanzu kuma wani ya ce ki kawo kuɗi zai sa ki a jeri na biyu, kina tambaya ko akwai adalci a harkar, kuma ko ki ba shi. Wallahi ina karantawa gabana yana faɗuwa, don abin da ya same ni ke nan.

Kada ki ba shi ko sisi. Don Allah ki nuna wa mahaifinki wannan saƙon kafin ya sayar da wani abu nasa.

Sau uku na nema kafin na samu. Na farko babu wanda zan zarga, Kemistiri ne bai kai kiredit ba. Na biyu shi ne har yau ban warke ba. Tun asuba na shiga mota daga Daura, na tsaya gaban allon sanarwa ina bin sunaye da yatsa daga sama har ƙasa, na sake, na kuma sakewa, har wata yarinya a bayana ta ce in matsa. Kwana biyu da dawowata sai ga wani mutum a zaurenmu, wani maƙwabci ne ya kawo shi, wai ɗan gida ne a makarantar. Babbar riga, hula ta sha kari, carbi a hannu. Ya zauna a tabarmar Baba, ya sha furar da Inna ta dama da hannunta, ya ce, "Baba ka ɗauka ta shiga, na goro kawai za a ba mutanen ciki." Inna na da tumaki biyu da take kiwo shekara da shekaru, aka kai su kasuwar Mai'aduwa. Bai isa ba, Baba ya ƙara da buhun gero daga abincin gida. A baƙar leda aka miƙa masa kuɗin, ina leƙe ta bayan ƙyaure. Bayan mako ɗaya ya kawo takarda har da hatimi.

Na ɗinka fararen kaya, na sayi bokiti da katifa. Matan unguwa suka yi ta shigowa sallama, wannan ta kawo sabulu, wannan ƙuli-ƙuli. Ranar rajista matar da ke ofishin ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya, ta buɗe babban littafinsu ta duba, sannan ta ɗago a hankali ta ce, "'Yata, wa ya ba ki wannan?" Ita ta ba ni kujera da ruwa, Allah ya saka mata. Na dawo Daura da katifar ɗaure a saman mota, yaran unguwa na kallo. Baba na zaune a ƙofar gida. Ya dubi katifar, ya dube ni, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tashi ya tafi masallaci alhali lokacin salla bai yi ba. Inna kuwa ta fi wata tana kallon turken tumakin nan. Mutumin ya kashe waya, maƙwabcin ya ce shi ma bai san shi sosai ba. Kuma har yau mutumin yana nan, ina ganinsa a ɗaurin aure ana ba shi hannu. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Batun ƙawarki, ki fara tambayarta wace ƙaramar hukuma ta cika a fom. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ba ta isa ta wuce ba. Makarantar jiha kuma sai ta duba ƙananan hukumomi, mu a Katsina 34 gare mu. Wadda ta fito daga cikin Katsina ko Daura ko Funtua, inda masu nema suka yi yawa, za ta iya faɗuwa da makin da wata ta shiga da shi daga inda masu nema ba su da yawa. Da ina jin haushin wannan sosai. Sai da na yi aiki a asibitin ƙauye, na ga mace tana naƙuda mijinta ya hana namiji taɓa ta, babu kuma mace ma'aikaciya a kusa, sannan na gane dalilin. 'Yar garin ce za ta zauna a garin.

Amma ba zan ce miki komai lafiya lau ba. Akwai alfarma, akwai 'yar takardar da babba ke aikowa, akwai masu sayen takardar shaidar ƙaramar hukumar da ko hanyarta ba su sani ba, su danne haƙƙin 'yan ƙauyen da aka yi tsarin dominsu. Wanda ke da uwa a gindin murhu kowa ya san ba ya cin tuwonsa gaya. Abin da ya fi ci min rai shi ne intabiyu. Jarabawar kwamfuta ko ba komai kin ga makinki. Intabiyu kuwa wata a tambaye ta sunanta da garinsu a sallame ta, wata a tsare ta da yadda jini ke zagaya jiki, kuma babu wadda za ta ga abin da aka rubuta mata. Me zai hana a liƙa makin kowa a allo, na jarabawa da na intabiyu, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tare da makin da aka tsaya? Da ana haka da na san matsayina a ranar, da mutumin nan bai samu ƙofar shiga gidanmu ba. Cikin duhun nan 'yan damfara ke cin abinci.

Ki ɗauko takardunki yau ki jera su. Kiredit biyar ne, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, kar ya wuce. Ki duba sunanki a WAEC ko NECO ya zo daidai da na NIN da takardar haihuwa, don na san wadda harafi ɗaya ya ɓata wa shekara guda. Ki je ofishin rajista da kanki tare da Baba ko yayanki, da rubutacciyar wasiƙa, cikin ladabi ki nemi a gaya miki makinki. Idan ta JAMB kuka bi, tunda yanzu da yawa sun koma tsarin ND da HND, gurbin gaskiya a CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, zai fito miki, kuma kada ki bar wa yaron shagon intanet lambar sirrinki.

Kuma ki sani shiga ba ita ce ƙarshe ba. Akwai jarabawar PTS, wato ta kammala karatun share fage, bayan watannin farko, a nan ake tankaɗe, mun ga masu hanya suna haɗa kayansu suna kuka. Jarabawar hukuma ta ƙarshe kuma ba a makarantar ake tsara ta ba.

Kada ki zauna jiran ƙofa ɗaya. Akwai makarantar ungozoma a Malumfashi, akwai ta kimiyyar lafiya a nan Daura da Kankiya, akwai digirin jinya a ABU da BUK. Gwaggonni za su fara cewa ki haƙura ki yi aure, ni ma an faɗa min har na daina zuwa suna. Aure alheri ne, amma ki sa maganar karatun a gaba tun kafin a sa rana, a gaban manya.

Ki turo min makinki da ƙaramar hukumarki ta saƙon sirri, da hoton duk takardar da mutumin ya nuna miki. Zan ɗan kwanta yanzu, bayan la'asar in sha Allahu zan duba.