Ina zan samu abinci mai araha kuma na halal a Kuala Lumpur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce daga Kano, zan je Kuala Lumpur sarin hijabai da yadi, zan yi kamar mako biyu, kuma masaukina yana kusa da Masjid India. Guzurina ba shi da yawa, ba na son ya ƙare a ciki. An ce mini in riƙa zuwa Jalan Alor da dare, wai can abinci yake. Ina zan samu abinci mai sauƙin kuɗi, na halal, wanda ba zai ɓata mini ciki ba? Sannan likita ya ce in rage zaƙi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ki lafiya, ya sa a yi saye mai albarka.

Bari in fara da Jalan Alor ɗin. Titi ne a unguwar Bukit Bintang, da magariba ta yi sai ya cika da tebura da fitilu da hayaƙin gashi, kuma kusan duk baƙon da ya shiga garin sai an nuna masa shi. Amma ba naki ba ne. Yawancin rumfunan na Sinawan Malesiya ne da 'yan Tailan, ana dafa alade, ana sayar da giya a kan teburin da za ki zauna, farashin kuma na 'yan yawon buɗe ido ne. In kina son ki gani da idonki, ki ratsa sau ɗaya, ki sayi kwakwa ki sha. Cin abincinki kuwa yana wani wuri, kuma ya fi kusa da masaukinki.

Abin da zai tsare miki aljihu da addini gaba ɗaya shi ne ki gane cewa girki uku ne a garin. Akwai na Malayawa, su Musulmi ne. Akwai na Indiyawa, wasunsu Musulmi, wasunsu Hindu. Akwai na Sinawa, wanda alade da kitsensa suke shiga ko'ina a cikinsa, har a taliyar da ba ki ga nama a kanta ba. Ki bi inda leburori da direbobi da ma'aikatan ofis Musulmi suke cin abinci, a lokacin da suke ci. Wurin da ya cika da mata masu lulluɓi da rana tsaka, ki shiga da ƙarfin gwiwa.

Hukumar addinin Musulunci ta tarayya, JAKIM, ita ke ba da shaidar halal, kuma tambarinta yana manne a ƙofar shagunan da suka samu. Ƙananan rumfunan Malayawa da yawa ba su da takardar, domin neman ta ɗawainiya ne ga mai tebur ɗaya, kuma mutanen gari suna cin abincinsu ba tare da wata shakka ba. Inda nake so ki yi hattara shi ne allon da aka rubuta da Turanci cewa babu alade babu kitsen alade. Wannan ba shaidar halal ba ce. Bai gaya miki wanda ya yanka kazar ba, bai kuma ce ba a zuba giyar girki a miya ba.

Wurin da za ki fi dogara da shi shi ne shagon mamak. Haka ake kiran shagunan Indiyawa Musulmi, 'yan asalin Tamil, kuma unguwarku ta Masjid India da titin Tuanku Abdul Rahman cike take da su. Da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Da safe ki nemi roti canai: ƙullin fulawa ne da ake miƙarwa har ya yi shara-shara, a ninke, a soya a kan faffaɗan ƙarfe, a kawo da romon wake da ɗan miyar kori. Kusan ringgit 2 ne (ringgit shi ne kuɗin Malesiya), in an fasa ƙwai a ciki ya ƙaru kaɗan, sunansa roti telur. Guda biyu da shayi sun riƙe ki har azahar. Akwai thosai, na ƙullin shinkafa da wake mai ɗan tsami, ba shi da maiƙo kamar roti. Da dare akwai mee goreng, soyayyiyar taliya, da sup kambing, farfesun akuya mai kayan ƙamshi, wanda nake ba duk wanda sanyin na'urar shaguna ya kama shawarar ya sha. Murtabak kuma roti ne da aka cusa wa niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai, guda ɗaya ya ishe ki abincin dare.

A shagunan mamak ɗin ne za ki ga nasi kandar, wanda asalinsa daga Penang ne. Shinkafa ce ake zuba wa miya iri-iri a haɗe, ke ki nuna abin da za a ɗora. A nan kuɗi suke zurarewa ba a sani ba. Shinkafa da soyayyiyar kaza da kayan lambu ba su cika wuce ringgit 10 zuwa 15 ba, amma da kin nuna manyan jatan lande ko kan kifi ko sotong, wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, sai lissafin ya ninka. Babu kunya a tambaya. Ki nuna abin ki ce "berapa", wato nawa, kafin cokali ya taɓa shi.

Abincin rana mafi araha kuma mafi daɗi a wurina shi ne nasi campur na Malayawa. Za ki ga dogon tebur da tire-tire na miya da kifi da ganye, a ba ki faranti da shinkafa, ki ɗebi abin da kike so da kanki, mai shago ya duba ya faɗi kuɗi. Kowane abu da kika ɗora ana lissafa shi, saboda haka nama ɗaya da ganye biyu sun wadatar, romo kuwa yawanci ba a cajinsa. Lokaci ne sirrinsa. Ana sauke girkin wajen ƙarfe 11 na safe, daga nan zuwa ƙarfe 1 komai da zafinsa. Bayan ƙarfe 3 abin da ya rage ya daɗe a buɗe cikin zafin garin, kuma miyar da aka yi da madarar kwakwa ba ta jure zama. Irin wannan yana iya ɓata wa baƙo ciki. Ranar Juma'a kuma ki ci da wuri, domin rumfuna da yawa suna rufewa a tafi masallaci.

Ki ware aƙalla dare biyu don Kampung Baru. Daga tashar jirgin ƙasa ta Masjid Jamek, wadda ke kusa da masaukinki, tasha biyu ce kawai a layin Kelana Jaya. Unguwar Malayawa ce da aka keɓe musu tun wajen 1900, har yau akwai gidajen katako a kan ginshiƙai, ga dogayen benayen Petronas suna tsaye a kansu. Titin Raja Muda Musa shi ne cibiyar abincin. A nan za ki ci nasi lemak na gaske: shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa da ganyen pandan, da sambal, wato miyar barkono, da soyayyun ƙananan kifi, da gyaɗa, da kokwamba, da ƙwai. Tsofaffin shaguna irin su Wanjo da Antarabangsa sun shahara da shi, za ki gane su da layin mutane. In kin ƙara rendang, naman da aka dafa da kwakwa har ya tsotse, kuɗin zai hau, amma ya cancanci a ɗanɗana ko sau ɗaya. Da safe kuma ana sayar da ƙaramin nasi lemak a naɗe cikin ganyen ayaba a bakin titi kan ringgit 2 zuwa 4, shi ne karin kumallon talaka a duk faɗin ƙasar.

A Kampung Baru ɗin akwai ikan bakar, gasasshen kifi a ganyen ayaba, wanda ake sayarwa da nauyi ko da girma, don haka a yi ciniki kafin a ɗora a wuta. Akwai nasi kerabu na mutanen jihar Kelantan. Kada launin shuɗin shinkafar ya tsorata ki, furen wani tsiro ne ake rina ta da shi. Akwai tsirensu, satay, na kaza ko na saniya, da miyar gyaɗa. Ana ƙirga shi da tsinke, goma sun isa mutum ɗaya.

Abu ɗaya da hancinki zai fara karo da shi shi ne belacan. Ƙananan jatan lande ne ake shanyawa da gishiri har su ruɓa, a daka. Aikin da daddawa take yi a miyarmu shi yake yi a tasu: ɗanye yana da ƙarfi, a cikin girki kuma shi ne daɗin. Halal ne. Sai dai in jikinki ba ya karɓar jatan lande, ki sani yana cikin sambal da soyayyen ganye da soyayyiyar shinkafa da yawa.

Yanzu maganar zaƙi, kuma ina roƙonki ki ɗauke ta da muhimmanci, domin a nan garin zai fi cutar da ke. Mutanen Malesiya suna shan sukari sosai. Teh tarik, shayin da ake ɗagawa ana zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, da madarar gwangwani mai zaƙi ake haɗa shi. In kin ce shayi kawai, haka za a kawo miki. "Kurang manis" na nufin a rage zaƙi, amma abin da suke kira ragi yakan fi ƙarfin mai ciwon suga. Ki ce "teh o kosong", shi ne baƙin shayi babu madara babu sukari. In ruwa kike so ki ce "air suam", a kawo ruwan ɗumi da aka tafasa, kuɗinsa 'yan sulalla ne. Ruwan kala-kala da ke cikin manyan robobi a kasuwar dare, da cendol na ƙanƙara da madarar kwakwa, da kuih, 'yan kayan ƙwalam ɗin nan masu kyan gani, duk sukari ne. Har sambal da miyar satay ana sa musu. Shinkafar ma suna cika faranti, ki ce "nasi separuh" a ba ki rabi, ki ƙara ganye da kifi.

Ranar da kika gaji da nama ki hau jirgi tasha biyu zuwa KL Sentral, ki fita Brickfields, unguwar Indiyawa. Ana shimfiɗa ganyen ayaba a gabanki a zuba shinkafa da ganye kala uku ko huɗu da romon wake, in kin cinye a ƙara miki shinkafa da ganye ba tare da ƙarin kuɗi ba a yawancin shagunan. Da yawa daga masu shagunan Hindu ne, saboda haka ki zaɓi shagon da ba a dafa nama a cikinsa sam, suna nan da yawa kuma suna rubutawa a ƙofa. In kin gama ki ninke ganyen zuwa wajenki, alamar kin gode.

Kowace Asabar da yamma ana cin kasuwar dare a lungun Tuanku Abdul Rahman, taku kaɗan daga inda za ki yi sari. Ki sayi abin da aka soya ko aka gasa a gabanki. Kasuwar Chow Kit kuma ita ce wurin 'ya'yan itace: rambutan, manggis, gwanda, abarba, ayaba iri-iri, a farashin 'yan gari. Durian kam, ɗan itacen nan mai ƙayoyi, ki ci a inda kika saya, domin otal-otal da jiragen gari sun hana shiga da shi saboda warinsa, kuma yana da zaƙi ƙwarai. In tafiyarki ta faɗo cikin azumi, daga la'asar kasuwannin Ramadan suna buɗewa a unguwanni, babban masallacin Kampung Baru kuma yana raba bubur lambuk kyauta, wato faten shinkafa da nama da kayan ƙamshi, al'adar da suka daɗe a kanta.

Yawancin gidajen abincin Larabawa na Bukit Bintang halal ne, kuma na san zuciya takan ja mutum can in ya yi kewar shinkafa da naman rago. Amma kuɗin faranti ɗaya a can zai ciyar da ke yini guda a wurin mamak. Manyan gidajen abinci suna ƙara kashi 10 cikin 100 na hidima da kashi 6 na haraji a kan abin da kika gani a takarda, rumfunan bakin titi kuwa abin da aka faɗa shi za ki biya. In kin riƙe roti da safe, nasi campur da rana, mamak ko Kampung Baru da dare, ringgit 30 zuwa 40 a rana za su ishe ki har da ruwan sha.

Ki riƙe ƙananan takardun kuɗi, na ringgit 1 da 5 da 10. 'Yan gari sun koma biya da waya, amma mai tebur ba ya ƙin tsabar kuɗi, canjin 100 ne yake ba shi wahala da sassafe. Ruwan famfo mutanen garin ma sai sun tafasa ko sun tace, ki sayi babbar gora a kanti ki ajiye a ɗaki, ta fi ƙananan araha nesa ba kusa ba. In kina son a ƙunsa miki abinci ki tafi da shi masauki, ki ce "bungkus". Da hannun dama suke ci kamar mu, ba wanda zai kalle ki. Butar da za ki gani a kan tebur a wasu rumfunan Malayawa, da ɗan kwano a ƙarƙashinta, ta wanke hannu ce, ba ta sha ba.