Alhaji ya ce mu 'yan gida ɗaya ne, shin neman delege (wakilin ma'aikata) butulci ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni direba ne a wani kamfanin motoci a Garwa ta Kamaru, mun haura mutum talatin in an haɗa da makanikai da masu yanka tikiti. Mun so mu zaɓi delege saboda maganar kuɗin awannin ƙari da rajistar CNPS (asusun inshora da fanshon ma'aikata), sai alhaji ya tara mu yace nan gida ɗaya ne, shi ubanmu ne, ƙofarsa a buɗe take kuma ɗa baya kai ƙarar uba. Gaskiya yana mana alheri, in haihuwa akayi ko rasuwa baya barinmu. Yanzu wasu sun ja da baya. Ƙanena dake jami'ar Ngaundere yace wannan tsohuwar gardama ce har a mulki da shari'a. Dan Allah a fahimtar dani.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba butulci bane, kuma ƙaninka yayi gaskiya.

Masana harkar ƙwadago suna kallon wurin aiki ta fuska biyu, wani bature ɗan Ingila Alan Fox shi ya fito da wannan rabe-raben a fili a 1966. Fuska ta farko tana cewa kamfani jiki ɗaya ne, buri ɗaya, shugaba ɗaya, abinda ya amfani maigida ya amfani yaronsa, saboda haka in rigima ta tashi to ko dai ba'a fahimci juna ba ko kuma wani ɗan zuga ne ya shigo. Maganar alhajinku kenan baƙi da baƙi duk da nasan bai taɓa jin sunan Fox ba. Fuska ta biyu tace a'a, a cikin kamfani akwai ɓangarori masu buƙatu daban kuma kowace halal ce, maigida yana son mota ta ƙara sawu ɗaya zuwa Marwa kai kuma kana son barci da kuɗin dare, babu mugu a cikinku, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, abinda ake buƙata shine hanyar zama a sasanta wadda kowa ya santa tun kafin ran ɓacin rana.

Ni dai a nawa ganin fuska ta farko ba ƙarya bace gaba ɗaya. A ƙaramin shago mai yara uku tana tafiya daidai, kuma yawancin alhazawanmu da gaske suke in sunce haka, su ma a hannun wani maigida suka taso ya sallame su da jari. Inda take karyewa shine alheri na mai bayarwa ne, yau ya bayar gobe ya hana ba wanda zai tambaye shi, ranar da ya rasu magada suka karɓi motoci ko kai ka karye a hanya, ba ragon sallah za'a duba ba, takardar CNPS za'a duba aga watanni nawa aka zuba maka. Sannan ƙofar nan da yace a buɗe take, mutum ɗaiɗai ke shiga, wa zai iya kallon idon wanda ya biya masa kuɗin suna yace masa alhaji awannina basu cika ba? Kunya kaɗai ta isa ta rufe bakinka.

A mulki kuwa mu 'yan Kamaru ba sai an bamu labari ba. A 1961 tarayya aka kafa tsakanin gabas mai Faransanci da yamma mai Ingilishi. Ahmadu Ahijo, ɗan nan Garwa, ya haɗe jam'iyyu suka zama ɗaya a 1966, sai ƙuri'ar raba gardama ta 20 ga Mayu 1972 ta soke tarayyar aka koma dunƙulalliyar ƙasa, har ƙungiyoyin ƙwadago aka cure su waje guda ƙarƙashin uwar ƙungiya ɗaya mai suna UNTC. Hujjarsa itace ƙasa mai yaruka sama da 200 in aka bar kowa da tutarsa zata tarwatse, kuma ba hujjar banza bace. Amma buƙatun da aka ce babu su basu mutu ba, sun kwanta ne kawai. Tsarin mulkin 1996 ya yarda a raba iko zuwa yankuna, zaɓen majalisun yankunan sai a Disamba 2020 aka yi shi, kafin nan lauyoyi da malaman makaranta na yankin Ingilishi sun fita yajin aiki a ƙarshen 2016 kuma kowa ya san rikicin da ya biyo baya.

Shari'a ma haka take, ƙasa ɗaya amma doka iri iri, ta gadon Faransa a nan, ta gadon Ingila a arewa maso yamma da kudu maso yamma, ga dokokin kasuwanci na yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta OHADA da muke tarayya dasu da Chadi, ga kuma fadar lamido inda ake kashe yawancin rigimar aure da gado da gona ba tare da an taka kotu ba.

Toh ga abinda ya shafe ku kai tsaye. Duk da ƙasar dunƙulalliya ce, dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 fuska ta biyu ta ɗauka. Duk wurin da ma'aikata suka kai 20 dole ne a zaɓi delege, ba alfarma bace, ma'aikatar ƙwadago ke saka lokacin zaɓe kuma wa'adi shekara biyu ne. Mai jefa ƙuri'a ya cika shekara 18 da wata shida a wurin aiki, ɗan takara shekara 20 da wata 12 a jere, kuma ya iya Faransanci ko Ingilishi, wannan sharaɗin yana bani haushi don sau da yawa dattijon da kowa ke jin maganarsa a tasha Hausa da Fillanci yake ji, amma haka dokar take, sai ku duba wa zaku tsayar. Shi maigida da matarsa basa tsayawa. Delege yana da awa 15 a wata na aikin wakilci da ake biyansa, kuma ba'a korarsa sai da izinin insipektan ƙwadago, kariyar tana rufe ɗan takara ma na wata shida.

Kar kuma ku ɗauka delege shine yajin aiki. Aikinsa ya kai koke gaban maigida da sunan kowa, in ba'a ji ba ya kai wa insipekta, shi kuma insipekta sulhu yake fara nema kafin magana taje kotu. Yajin aiki a dokar nan sai an gama sulhun insipekta da zaman kwamitin raba gardama duk sun ci tura, wanda ya ajiye makulli kafin haka shi zai kwana a ciki.

Shawarata kar ku fara da insipekta. Ku samu dattijai biyu cikinku da alhaji ke ganin girmansu suje gida bayan la'asar, su gode masa tukuna, sannan su nuna masa doka ce ta wajabta kuma shi ma rufin asirinsa ne ranar da masu bincike suka zo, gara yaji koke daga baki ɗaya da yaji ana gunaguni a tasha. In ya ƙi sai ku rubuta takarda ku sa hannu da yawa, ku riƙe kwafi, ku kai ofishin ƙwadago na nan Garwa. Kafin nan kowa ya leƙa CNPS da katin shaidarsa ya tambaya ko yana da lamba da kuma watannin da aka zuba masa.