Gyaran tsohon zaure: mu ƴan ƙwadago ne ko masu abu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye na yankin Madarumfa. Wata ƙungiya ta zo da niyyar gyara tsohon zauren maigari da guntun ganuwar da ya rage mana, ta nemi mu kawo ƙasa da ruwa da ƙarfinmu. Samari sun ce ba za su taɓa ba sai an biya su, dattawa kuma suna tsoron a canza wa zauren kama. Mene ne matsayinmu a wannan aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku ne masu abu, kuma daga nan ya kamata zancen ya fara. Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta shekarar 1997 ta ɗora wa hukuma nauyin kare kayan tarihi, amma ba hukuma ce za ta ga tsagar bango da safe bayan ruwan dare ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsoron dattawanku yana da tushe, kuma a kansa nake so in tsaya. Babbar ɓarnar da ake yi wa ginin ƙasa da sunan gyara ita ce yaɓa masa siminti. Bangon tubali yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani, to idan aka rufe shi da siminti sai laimar ta rasa mafita, ƙasar ta ruɓe daga ciki, har wata rana yaɓen ya ɓantale ya taho da rabin bangon. Saboda haka, kafin a kwaɓa ko kwando ɗaya, ku nemi a zauna da tsofaffin maginanku, waɗanda suka san inda ake haƙo ƙasa mai danƙo, da yadda ake jiƙa makuba, da irin azarar da gara ba ta ci, da inda ya dace a kafa indararo. A Agadas, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013, hasumiyar masallacin ƙasa ta kai ga zamaninmu ne domin mutanen gari suna sake mata yaɓe da hannunsu.

Samarin ma ba su yi laifi ba. Idan an ware kuɗin ƙwadago, haƙƙinsu ne su sani, kuma ya kamata a karanta kasafin a bainar jama'a, gaban maigari da wakilin hukuma. Sai dai a bambance aikin da ake biya sau ɗaya da yaɓen shekara-shekara, wanda gayya ce kawai za ta iya riƙe shi bayan ƙungiyar ta kwashe kayanta. Mutanen jihar Maraɗi sun riga sun nuna za su iya: sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona maimakon a sare shi, wanda ya fara bazuwa a nan cikin shekarun 1980, ya ɗore ne saboda manoma sun kafa kwamitocin tsaron itatuwansu da kansu. Ku kafa irin wannan kwamiti, a sa mata a ciki, domin daɓe da ɗibar ruwa da waƙoƙin da ke tafe da su a hannunsu suke.

Akwai kuma abin da ya fi bangon saurin salwanta. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi, amma labarin Ɗan Kasawa da Katsinawan da suka kafa sarauta a nan ya tsira a bakin maroƙa da dattawa. Ku sa ɗaliban ƙauyenku su ɗauki muryar tsofaffi da waya, su tambaye su wanda ya gina zauren, da yaƙin da ya sa aka kewaye garin, da sunan kowace ƙofa. Ku ajiye kwafi wajen maigari, ku miƙa wani ga sashen al'adu na jiha ko cibiyar tattara tarihin baka ta CELHTO da ke Yamai, wadda aikinta ke nan tun 1968. Wannan ba ya jiran kuɗin kowa, kuma kuna iya farawa da zarar an gama girbi.