Amsoshin Tambayoyinku: Tarzomar 'yan kallo da sha'anin tsaro a filayen kurket

Tambaya: Na taso ina jin cewa kurket wasa ne na masu natsuwa, har 'yan wasa sukan dakata su sha shayi ana tsakiyar karawa. Sai ga shi abokina da ya yi karatu a Indiya ya ce mini an taɓa tsayar da wasan gasar cin kofin duniya saboda 'yan kallo sun cinna wuta a wuraren zama. Shin haka ne, kuma me yake jawo wannan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abokinka ya faɗa maka gaskiya. Abin ya faru ranar 13 ga Maris, 1996, a filin Eden Gardens na birnin Kalkata, a wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Indiya da Siri Lanka, gaban mutum kimanin dubu ɗari. Siri Lanka ta fara bugu ta tara maki 251. A ƙa'idar wasan, idan aka fitar da masu bugu goma daga cikin goma sha ɗaya, ƙungiya ta gama ke nan. Indiya ta kai maki 98 da mutum ɗaya kacal a waje, jama'a kuwa sun riga sun sa rai da wasan ƙarshe. Ana cikin haka aka fitar da Sachin Tendulkar, wanda shi ne ƙashin bayan ƙungiyar, sauran kuma suka riƙa bin sa ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari Indiya tana da maki 120 da mutum takwas a waje. Nan fa robobin ruwa suka fara sauka a cikin fili, wasu kuma suka tara takardu suka sa musu wuta a kan kujeru. Babban alƙalin da ke sa ido kan wasan, Clive Lloyd, ya janye 'yan wasa na ɗan lokaci ko hankali zai kwanta, da aka dawo aka ci gaba da jifa sai ya ba Siri Lanka nasara. Waɗanda suka kalli wasan a talabijin ba su manta da Vinod Kambli ba, ɗan wasan Indiya da ba a fitar da shi ba, yana barin fili yana kuka, domin mutanen da ya tsaya yana bugawa dominsu su ne suka hana shi ƙarasa abin da ya fara.

Game da dalili kuwa, akwai abin da ya shafi tsarin wasan kansa. Karawar yini guda takan ci sa'o'i bakwai ko takwas, mafi tsawon nau'in wasan kuma kwana biyar yake ɗauka, don haka ɗan kallo yana iya yini a rana cikin cunkoso da ƙishirwa, ransa a dagule tun kafin wani abu ya faru a fili. Sannan masu tare ƙwallo sukan tsaya a bakin iyakar fili, taku kaɗan daga jama'a, sun ba su baya, duk wanda ya yi niyyar jifa ko zagi yana da wanda zai samu. Matsalar ma tsohuwa ce, domin a 1879 'yan kallo a birnin Sidni na Ostireliya sun afka cikin fili suka far wa 'yan wasan Ingila saboda hukuncin alƙali da bai yi musu daɗi ba, an kuma zargi masu caca da hura wutar.

Sai dai abin da na fi so ka lura da shi shi ne rawar da masu shirya wasa suke takawa. A wannan fili na Kalkata, ranar 1 ga Janairu, 1967, an sayar da tikiti fiye da adadin kujeru a wasan Indiya da Yammacin Indis, wato ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashen yankin Karebiyan, mutanen da suka biya kuɗinsu suka rasa wurin zama suka malalo zuwa bakin fili, 'yan sanda suka hau su da kulake da barkonon tsohuwa, jama'a suka rama, aka ƙone rumfuna. A watan Fabrairun 1999 kuma aka sake tarzoma a wurin bayan an fitar da Tendulkar sakamakon karo da ya yi da Shoaib Akhtar na Pakistan, sai da shi da kansa ya zagaya fili yana ba jama'a haƙuri, washegari kuma aka kori 'yan kallo aka ƙarasa wasan babu kowa. Amma makonni uku kafin wannan, a birnin Chennai, Pakistan ta doke Indiya da maki 12, mutanen garin suka miƙe tsaye suna yi wa baƙin tafi. Ƙasa ɗaya ce, ƙungiyoyin ma su ne dai, shi ya sa ba na yarda a ce wata al'umma haka halinta yake.

Tambaya: Mu a Ghana har gobe muna tuna ranar 9 ga Mayu, 2001, da aka rasa rayuka sama da 120 a filin ƙwallon ƙafa na Akara. Ina ganin da za a ƙara 'yan sanda da dogayen shingaye a filayen kurket, da an huta da wannan fitina. Ko ba haka ba? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Misalin da kika kawo shi ne ya sa nake jin tsoron shawarar, domin a ranar 'yan kallo kujeru da robobi suka jefa, amma abin da ya kashe mutane shi ne barkonon tsohuwa da aka harba cikin taro, da tururuwar da aka yi zuwa ƙofofin da ba su buɗe ba. Shinge yana hana mutum shiga fili, yana kuma hana shi tsira idan turmutsutsu ya tashi a bayansa.

Kurket ma ya ga irin wannan kwanan nan. Ranar 4 ga Yuni, 2025, mutum 11 suka mutu a ƙofofin filin Chinnaswamy na birnin Bengaluru, ba a ma wasa ake yi ba, biki ne na murnar kofin da ƙungiyar garin ta ci a karon farko kwana ɗaya kafin nan. Filin yana ɗaukar mutum kimanin 35,000, waɗanda suka zo kuwa sun ninka haka sau da yawa, an gayyaci jama'a cikin gaggawa ba tare da an fayyace wa zai shiga da kuma ta ina ba. Matasa ne akasarinsu, sun fito farin ciki, babu wanda ya zo da niyyar faɗa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, saboda lissafin kujeru da faɗin ƙofa abu ne da ake iya yi a zaune kafin a kira kowa.

Matakan da suka yi amfani a wasu wurare ba su da tsauri irin wanda kike tunani. A Ingila an daɗe ana barin 'yan kallo su ruga cikin fili da zarar an tashi wasa, har zuwa 2001 da aka ji wa wani ma'aikacin fili mummunan rauni a filin Headingley, kyaftin ɗin Ingila Alec Stewart ya sallama wasan ga Pakistan, kwanaki kaɗan bayan haka kuma aka jefi Michael Bevan na Ostireliya da gwangwanin giya a fuska a filin Lord's. Daga nan aka hana 'yan kallo rugawa cikin fili. Yanzu ana bincika jaka a ƙofa, ana hana shiga da kwalba, ana taƙaita sayar da giya, ana kuma amfani da kyamarori a gano mutum ɗaya da ya yi laifi a fitar da shi, maimakon a hukunta dubban da ke kewaye da shi. Haka aka yi a Sidni a Janairun 2021, lokacin da Mohammed Siraj na Indiya ya je wurin alƙalai ya nuna ɓangaren da ake zaginsa, aka tsayar da wasa, 'yan sanda suka fitar da mutum shida. A 2023 ma ƙungiyar da ta mallaki Lord's ta dakatar da mambobinta uku saboda cin mutuncin 'yan wasan Ostireliya, cikinsu har da Usman Khawaja, abin da ya nuna cewa rashin ɗa'a ba a kujerun talakawa kaɗai yake ba.

Tambaya: Me ya sa Pakistan ta yi shekaru tana karɓar baƙinta a Dubai? Laifin 'yan kallonta ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a Malam, 'yan kallo ba su da hannu a ciki, hasali ma su ne suka fi kowa asara. Da safiyar 3 ga Maris, 2009, 'yan bindiga goma sha biyu suka buɗe wa motar 'yan wasan Siri Lanka wuta a wani shataletale kusa da filin Gaddafi na birnin Lahore. An kashe 'yan sanda shida da fararen hula biyu, 'yan wasa da dama sun ji rauni, abin da ya cece su kuwa shi ne direban motar bai tsaya ba, ya taka ta cikin ruwan harsasai har ya shigar da su fili, daga nan aka kwashe su da jirgi mai saukar ungulu. Bayan harin aka ƙwace wa Pakistan wasannin gasar duniya ta 2011, ƙasashe suka daina zuwa, ta koma buga wasanninta na gida a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Cikin manyan ƙasashen kurket, Zimbabuwe ce ta fara komawa a 2015, cikin tsaro irin wanda ake yi wa shugabannin ƙasa: a rufe tituna, a jera dubban jami'ai, ɗan kallo ya ajiye abin hawansa nesa ya bi shingayen bincike da ƙafa. Amana ba ta dawo nan da nan ba, domin a Satumbar 2021 Niyu Zilan ta fasa wasa a Rawalpindi ana gab da farawa saboda gargaɗin tsaro da gwamnatinta ta samu. Wasan kwana biyar kuwa sai a Disambar 2019 aka sake yin sa a ƙasar, bayan shekara goma, ƙungiyar da ta amince ta zo ta buga shi kuma ita ce Siri Lanka.