Tambaya da Amsa: Don Me Muke Cewa Alƙali, Larabawa Na Cewa Alƙadi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin tajwidi. Malamarmu ta hana mu cewa "walal-lallina" a ƙarshen Fatiha, ta ce harafin lodi daban, lam daban. Da na duba sai na ga alƙali, alwala, farilla da larura duk da lodi suke a Larabci, mu kuma da "l" muke faɗarsu. Kakanninmu ne suka kasa furta shi?

Amsa: 'Yar'uwa, malamarki ta yi daidai, sai dai kada ki yi saurin ɗora wa kakanni laifi. Mu je Basra tukuna.

A can Sibawaihi, babban malamin nahawun Larabci da ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, ya zauna gaban malaminsa Khalil bn Ahmad. A ƙarshen littafinsa Al-Kitab, kafin ya shiga bayanin idgami, wato shigar da harafi cikin wani, ya ƙirga haruffa 29 da mafita 16, ya bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga maƙogwaro har leɓe. Da ya zo kan lodi sai ya ce yana fita ne daga gefen harshe da turamen haƙoran da ke kusa da shi. Gefe fa, ba tsinin harshe ba. Ya kuma sa shi cikin haruffan da sautinsu ke gudana, ba ya tsayawa cak kamar na dal. To ki gwada yanzu: ki jingina gefen harshenki da turamen sama, ki cika bakinki da sautin, ki bar shi ya zarce. Abin da za ki ji ɗan'uwan lam ne na jini.

Ni wurin da ya fi burge ni shi ne inda ya ce ba don iɗbaƙi ba, wato ɗaga harshe ya rufe rufin baki, da harafin ɗa ya koma dal, sodi ya koma sin, shi kuwa lodi da ya fita daga magana gaba ɗaya, don babu wani harafi da ke tarayya da shi a mafitarsa. Ki lura da kyau. Lodin da ake ji yau a bakin Misirawa dal ne mai kauri, wanda in aka sassauta shi dal zai koma. Ashe ba shi Sibawaihi ya siffanta ba. A Iraƙi kuwa, ƙasar da aka rubuta littafin, mutanen gari sun haɗe shi da zadi. Wannan rikicewar ta daɗe, har sai da malamai suka yi ta rubuta littattafai sukutum don kawai a bambance kalmomin lodi da na zadi. Ibn Jazari, babban malamin tajwidi wanda ya rasu a 833 bayan Hijira, shi ma ya shaida cewa babu harafin da ke wahalar da harshe kamarsa.

Su kansu Larabawan farko lam ɗin ya kan kufce musu. Sibawaihi ya ruwaito cewa wasunsu kan ce "ilɗaja'a" a maimakon "idɗaja'a", ma'ana ya kwanta, don gudun haɗa haruffa masu kauri biyu a jere, sai suka ɗauko harafin da ya fi kusa da lodi.

Ba mu kaɗai muka ji lam a ciki ba. Mutanen Sifen suna kiran magajin gari "alcalde", daga Alƙadi suka samo ta tun zamanin Andalus. A Indonesiya "perlu" na nufin abin da ya zama dole, asalinta farali ne. Hausawa, Sifaniyawa da Indonesiyawa ba su yi shawara ba, shi ya sa masana harshe da yawa ke ganin tsohon furucin ne ya bar sawunsa a waɗannan kalmomi, kuma ni ma can na karkata.

Amma kusa da lam ba lam ba ne. Alƙali da alwala sun zama Hausa, ki faɗe su yadda kika tashi kika ji. A Fatiha kuwa ki zauna gaban malamarki, ki kalli bakinta, ki maimaita har ta ce ya yi.